Ƙwallon Ƙafa na 'Yan Mata a Amurka: Tarihin Hanyar da Kuɗin Bin Ta



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne ƙwallon ƙafa na 'yan mata a ƙasar Amurka, musamman hanyar da yarinya 'yar shekara goma sha biyu zuwa goma sha takwas take bi idan tana son ta kai wani matsayi a wannan wasa, da abin da hanyar take ci, da kuma abin da take bayarwa. Na sani a cikinku ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ina ruwan biri da gada ba. Dalilina shi ne, a cikin tarihin nan akwai wata doka da gwamnati ta yi da kyakkyawar niyya, ta buɗe wa mata ƙofar jami'a, amma ba ta ce kome ba game da hanyar da za a bi a iso bakin ƙofar, har waɗansu suka zo suka kafa shinge a kan hanyar suna karɓar kuɗin wucewa. Wannan kuwa ya shafi duk mai riƙe da alƙalamin gwamnati, ya kuma shafi duk wanda yake da 'ya a makaranta.

Kafin mu ƙetara zuwa Amurka, ya kamata mu ɗan tsaya a Ingila, domin a kawar da wani zato da mutane da yawa suke yi, cewa wai mata ba su san ƙwallo ba sai a 'yan shekarun nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da maza suka tafi fagen fama, mata ne suka cika masana'antun ƙera makamai, kuma a filayen masana'antun nan suka riƙa buga ƙwallo lokacin hutu. A shekarar 1917 ma'aikata mata na kamfanin Dick, Kerr da ke garin Preston suka kafa ƙungiyarsu, suna wasa suna tara kuɗi don taimakon sojojin da suka ji rauni. Ranar 26 ga Disamba 1920 suka kara da matan garin St Helens a filin Goodison Park na birnin Liverpool, 'yan kallo kimanin 53,000 suka shiga, dubbai kuma suka rasa wurin shiga. Ba a cika shekara guda ba, ranar 5 ga Disamba 1921, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta yanke cewa wasan bai dace da mata ba, ta kuma yi zargin cewa kuɗin da ake tarawa ba duka ne yake isa ga mabukata ba, sa'an nan ta hana ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta ba mata aron filayensu. A lura, hukumar ba ta da ikon hana mace taɓa ƙwallo. Fili ta hana, wanda ya hana fili kuwa ya hana 'yan kallo, ya hana kuɗin ƙofa, ya hana horo. Hanin nan sai da ya shekara hamsin, ba a ɗage shi ba sai 1971. Haka Jamus ta Yamma ta yi daga 1955 zuwa 1970, Brazil kuwa da dokar ƙasa ta hana, daga 1941 zuwa 1979.

To, Amurka al'amarinta daban ne, don kuwa a can maza ba su ɗauki ƙwallon ƙafa abin alfahari ba balle su yi kishinsa. Hankalinsu yana kan ƙwallon kwando, da ƙwallon gora, da wani irin zari-ruga nasu wanda su suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Saboda haka filin wasan da mu muka sani kusan babu mai gadinsa. A shekarar 1964 waɗansu iyaye a garin Torrance na jihar Kalifoniya suka kafa ƙungiyar ƙwallon yara da ake kira AYSO, wadda ƙa'idarta ita ce duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya buga, gwani ne ko ba gwani ba, masu horarwa kuma iyaye ne 'yan sa kai. A 1971 aka fara karɓar 'yan mata a cikinta. Kuɗin shiga kaɗan ne, fili na unguwa ne, yarinya tana iya zuwa a ƙasa.

Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta sauya kome. Ranar 23 ga Yuni 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan waɗansu gyare-gyare na dokokin ilmi, a ciki har da wani sashe da aka fi sani da Babi na Tara, wanda 'yan majalisa Edith Green da Patsy Mink da Birch Bayh suka yi wa tsayin daka. Jigon sashen kalmomi 37 ne kacal, kuma babu kalmar wasa ko ɗaya a cikinsu. Abin da ya ce shi ne, duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da damar ta nuna wa wani bambanci don kasancewarsa namiji ko mace. Masu dokar suna tunanin ɗaukar ɗalibai ne a sashen likitanci da na shari'a, da ɗaukar malamai mata aiki. Amma tun da yake a Amurka wasanni wani ɓangare ne na makaranta, da kasafinsu da ma'aikatansu da tallafin karatun da ake ba 'yan wasa, sai dokar ta faɗa a kansu da nauyin da ba wanda ya zata. Hukumar wasannin jami'o'i, watau NCAA, ta yi ta adawa da ita. A 1984 Kotun Ƙoli ta rage mata ƙarfi, a 1988 majalisa ta mayar mata da shi, duk da Shugaba Reagan ya ƙi amincewa. Sa'an nan a cikin shekarun 1990 ɗalibai mata na Jami'ar Brown suka kai jami'arsu ƙara suka yi nasara, daga nan ne shugabannin jami'o'i suka tabbata lalle maganar ba ta wasa ba ce.

A nan ina so ku bi ni a hankali, domin a cikin wani ɗan lissafi ne asirin abin yake. Babbar jami'a a Amurka, a tsarin da aka daɗe a kai har zuwa 2025, tana iya ba samari 85 cikakken tallafin karatu don zari-ruga kaɗai, kuma babu wani wasan mata da yake ɗaukar mutane masu yawa haka. Doka kuwa ta ce a daidaita dama tsakanin maza da mata. Jami'ar da ba ta son rage zari-ruga, wanda shi yake kawo mata kuɗi da suna, dole ta nemi wasan mata mai cin mutane da yawa, marar tsada. Ƙwallon ƙafa ya dace da wannan bukata kamar an auna: ƙungiya guda tana ɗaukar 'yan mata ashirin da biyar zuwa talatin, kayan aiki kuwa ƙwallo ne da raga da fili, filin ma akwai shi. Wannan shi ya sa a rukunin farko na jami'o'in Amurka aka wayi gari ƙungiyoyin ƙwallon mata sun haura 330, na maza kuwa ba su wuce 200 da 'yan kai ba. Ba son wasan ne ya kawo haka tun farko ba, tsoron kotu ne da tsimin kuɗi.

Sakamakon ya bayyana da sauri. A shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972, 'yan matan da suke wani wasa a makarantun sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba, masu ƙwallon ƙafa a cikinsu kuwa kimanin 700 ne a duk faɗin ƙasar. Kafin 2019 masu wasanni sun haura miliyan uku, masu ƙwallon ƙafa sun doshi 400,000. A 1982 NCAA ta fara gasar ƙwallon mata, Jami'ar North Carolina ƙarƙashin Anson Dorrance ta mamaye ta, har ya ci kofin sau 21 kafin ya ajiye aiki a 2024. Shi ne kuma ya ja tawagar ƙasar zuwa gasar kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin a 1991, kusan rabin 'yan wasan ɗalibansa ne, suka ci Norway 2 da 1 a wasan ƙarshe. Ranar 10 ga Yuli 1999 mutum 90,185 suka cika filin Rose Bowl suka ga Amurka ta ci Sin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Waɗansu ƙasashen duniya a lokacin ba su daɗe da fitowa daga hani ba, Amurka kuwa ta riga ta shekara ashirin da bakwai makarantunta suna renon 'yan wasa bisa tilas na doka.

Amma fa nasarar nan ita ce ta haifi matsalar. Da iyaye suka gane cewa ƙwallo yana iya kai 'yarsu jami'a, a ƙasar da kuɗin jami'a yake karya gida, sai wasan unguwa ya daina isar su. Aka fara tsince gwanaye ana haɗa su a ƙungiyoyi na musamman, masu tafiya gari gari suna karawa da takwarorinsu, aka sallami uba ɗan sa kai aka ɗauko koci mai albashi. Tambayar ita ce, wa zai biya albashin? A Turai babbar ƙungiya ce take renon yara maza da kuɗinta, don tana sa ran su buga mata ko ta sayar da su, kuma dokokin FIFA sun tanadi ladan horo ga ƙaramar ƙungiyar da ta reni yaro. A Amurka ƙungiyoyin yara sun daɗe ba sa samun wannan lada, dokokin FIFA ɗin ma shekara da shekaru ba su sa mata a cikin tanadin ba. Gwamnati ba ta biya. Jami'ar da za ta ci moriyar yarinyar ba ta biya. Saura iyaye. Ƙungiyar da iyaye suke ciyar da ita kuwa, iyaye ne abokan cinikinta, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da iyaye suke son gani shi ne kofi da tayin jami'a, saboda haka koci ya fi bukatar yarinyar da ta riga tsararrakinta girma da gudu, wadda za ta ci masa wasan ranar Asabar, a kan siririyar da sai nan da shekara biyar basirarta za ta nuna.

Su kuma kociyoyin jami'o'i ba su da lokaci ko kuɗin da za su bi makarantun sakandare dubbai suna neman 'yan wasa. Ya fi musu sauƙi a tara musu gwanaye a wuri guda, kwana uku, filaye ashirin ko talatin a jere, su zauna a kan kujerunsu na naɗewa suna rubutu. Daga nan aka sami bukukuwan baje kolin 'yan wasa. A 2009 ƙungiyoyi 40 suka haɗu suka kafa gasar ECNL ta 'yan mata, wadda cikin ɗan lokaci ta zama babbar kasuwar da jami'o'i suke ci. Yarinyar da ba ta cikin irin wannan gasa, kome gwanintarta, da wuya idon koci ya faɗa a kanta. Kuɗin shiga ƙungiya kaɗai yana kai dala dubu biyu ko uku ko fiye a shekara, amma ba shi ne babban nauyi ba. Amurka ƙasa ce mai faɗi, tafiya wasa tana nufin tikitin jirgin sama, da otal na kwana uku, da motar haya, da abinci, ga yarinya da wanda zai raka ta. Idan aka haɗa da kayan sawa da horo na musamman da sansanonin da jami'o'i suke shiryawa su ma don kuɗi, ba abin mamaki ba ne gida ya kashe dala 5,000 zuwa 10,000 a shekara a kan yarinya guda. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a rasit: dole a sami babba mai mota, mai aikin da zai bar shi ya tashi da la'asar sau uku ko huɗu a mako. Mai aikin awa-awa a kanti ko a asibiti ba shi da wannan sukuni. Har a zaɓen shugaban ƙasa na 1996 'yan jarida suka yayata wani laƙabi na irin waɗannan iyaye mata, uwar 'yan ƙwallo, suna nufin matar unguwar masu hali wadda rayuwarta ta ƙare a kai yara fili da ɗauko su.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta yi yunƙurin karɓe ragamar a 2017, ta kafa nata tsarin horon 'yan mata. Cikin sharuɗɗanta har da hana yarinya buga wa makarantarta ta sakandare, wai don kada ta ɓata ƙafarta a wasan da bai kai ba. Ku duba wannan juyi: wasan da dokar makarantu ta raya, an zo ana raba shi da makaranta. Tsarin bai rage wa iyaye wani nauyi na a zo a gani ba, manyan ƙungiyoyi da dama suka fice suka koma ECNL, a watan Afrilu 2020 kuma hukumar ta rufe shi, ta ce annobar korona ta ci kuɗinta. 'Yan mata dubbai suka kwana da ƙungiya suka tashi ba su san gasar da za su buga ba, sai da aka kafa wata sabuwa a gurguje.

Yanzu mu zo ga ribar da ake nema. Mu ɗauka, don misali kawai, gida ya kashe dala 7,000 a shekara har shekara shida, watau dala 42,000 ke nan. Me ya saya? Ƙididdigar NCAA da kanta ta nuna cewa cikin 'yan matan da suke ƙwallo a sakandare, kimanin 7 cikin ɗari ne suke samun buga wa wata jami'a da ke ƙarƙashinta, waɗanda suke kai rukunin farko kuwa ba su kai 3 cikin ɗari ba. Rukuni na uku, wanda ya fi kowane yawan makarantu, ba ya ba da tallafi don wasa ko na sisi, haka nan tsofaffin jami'o'in nan takwas irin su Harvard da Yale. A rukunin farko ma, har zuwa 2025 iyakar abin da aka yarda wa ƙungiyar mata shi ne tallafi 14, a raba wa 'yan wasa kusan talatin, saboda haka galibinsu rabi ko rubu'i suke samu. A 2025 wani sulhu da aka yi a kotu ya cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sulhun, aka maye gurbinta da ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 28. Jami'a mai kuɗi tana iya ba dukansu, marar kuɗi kuwa ba a tilasta mata ba, guraben ma a waɗansu wurare raguwa suka yi. A ganina, uban da ya shiga wannan hanya don tallafin karatu kaɗai cinikin biri a sama ya yi. Da ya tara kuɗin nan a banki, da ya fi tabbas. Sai dai ba zan yi masa dariya ba, domin akwai wata riba ta biyu da masu hali suka fi kowa saninta: a jami'ar da take ƙin mutum tara cikin goma masu nema, kalmar koci tana shigar da yarinya. Wannan riba ce ta gaske, amma mai iya biyan kuɗin makarantar ne yake morar ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gasar neman gwanaye ta kai har jami'o'i suna yi wa yara 'yan shekara goma sha uku ko sha huɗu alkawarin gurbi, yaran da ba su san abin da suke son karantawa ba. Olivia Moultrie tana da shekara 11 ta karɓi tayin North Carolina. Sai a 2019 NCAA ta hana koci tuntuɓar yarinya kafin ta gama aji biyu na babbar sakandare, watau tana wajen shekara goma sha shida.

Akwai kuɗin da jiki yake biya. A cikin gwiwa akwai wata jijiya da take riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su goce, likitoci kuma sun tabbatar cewa tana tsinke wa 'yan wasa mata fiye da maza, ninki biyu zuwa takwas gwargwadon wasa da shekaru. Wadda ta tsinke mata sai tiyata, da jinyar wata tara zuwa shekara, da haɗarin ciwon gaɓoɓi tun ba ta tsufa ba. Wani ɗan jarida, Michael Sokolove, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2008. An kuma san cewa waɗansu 'yan motsa jiki na minti ashirin kafin horo suna rage haɗarin ƙwarai, kuma ba sa cin ko kwabo, amma yarinyar da take buga wasa guda wata goma sha ɗaya a shekara, wasa uku cikin kwana uku a gaban kociyoyin jami'a, ba ta da ranar hutun da jijiya take bukata. Ta ji zafi ma ɓoyewa za ta yi, don ta san abin da aka kashe a kanta.

Abu mafi muni shi ne ikon da tsarin ya tara a hannun koci. Shi yake sa yarinya a wasa, shi yake ɗaga waya ya yaba ta ga jami'a, ko ya yi shiru. Uban da ya zuba dukiyarsa shekara biyar ba ya son ya ɓata da mutumin da makomar 'yarsa take bakinsa. A watan Oktoba 2022 Sally Yates, tsohuwar mataimakiyar babban lauyan gwamnatin Amurka, ta fitar da rahoton binciken cin zarafin 'yan wasa a babbar gasar mata ta ƙasar. Ta samu zagi da wulaƙanci da neman lalata daga waɗansu kociyoyi, ta kuma ce tushen abin yana can ƙasa a ƙungiyoyin yara, inda 'yan mata suke tashi sun saba da zagin koci har suna ɗaukarsa wani ɓangare na horo.

Sai waɗanda aka bari a waje. Al'ummar da ta fi kowa son ƙwallon ƙafa a Amurka su ne baƙin da suka zo daga Meziko da sauran ƙasashen kudu, ga kuma baƙar fata na cikin birane, amma shekaru da yawa in ka dubi tawagar ƙasar sai ka ga 'ya'yan fararen fata na unguwannin masu hali. Briana Scurry, mai tsaron gidan da ta tare bugun Sin a 1999, ita kaɗai ce baƙar fata cikin goma sha ɗayan da suke fara wasa. A 2018 Hope Solo, wadda ita ma ta tsare wa ƙasar gida, ta faɗa a bainar jama'a cewa da a wannan zamani ta taso, da gidansu bai iya biya mata ba. Tawagar 'yan shekarun nan ta fi ta da gauraya, ba shakka, amma kuɗin hanya bai sauka ba.

Kada a ɗauka ina cewa wasan ba shi da amfani ga 'ya mace. Wata masaniyar tattalin arziki, Betsey Stevenson, ta yi amfani da bambancin da ke tsakanin jihohi bayan dokar 1972 ta auna abin. A binciken da ta buga a 2010 ta samu cewa duk inda yawan 'yan mata masu wasa ya ƙaru da goma cikin ɗari, masu shiga jami'a sun ƙaru da kimanin ɗaya cikin ɗari, masu shiga aikin albashi kuma da ɗaya zuwa biyu. Ga ƙasa mai miliyoyin mutane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina roƙon ma'aikatan ilmi da ke nan su lura da irin wasan da ta auna. Wasan makarantar sakandare ne, na bayan tashi daga aji, wanda 'yar direba da 'yar likita suke yi a fili ɗaya da kuɗin hukuma, watau ainihin wasan da tsarin ƙungiyoyi masu tsada ya zo yana rainawa.

Ko ta fuskar fitar da gwanaye ma, tsarin ya fara gamuwa da abokin gwaji. Da manyan ƙungiyoyin Turai suka waiwayi mata, sai suka sa su a cikin injin da suka daɗe suna renon maza da shi. Barcelona ta mai da ƙungiyar matanta ta ƙwararru a 2015, ta buɗe wa 'yan mata masaukin makarantar horonta a 2021. Aitana Bonmatí ta shiga hannunta tun 2012 tana yarinya, ta zo ta zama gwarzuwar duniya a 2023 da 2024 da 2025. A 2023 Sifen ta riƙe kofin duniya na manya da na 'yan ƙasa da shekara 20 da na 'yan ƙasa da 17 a lokaci guda, a shekarar da Sweden ta fitar da Amurka tun a zagaye na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Gaskiya ne Amurka ta dawo ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Faris a 2024, don ƙasar da take da 'yan wasa dubu ɗari huɗu ba ta rasa gwanaye. Amma daga 2008 da aka fara gasar 'yan ƙasa da 17 zuwa 2024 ba ta ci ta ba ko sau ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin shekarun da iyaye suka fi zuba kuɗi. Manyan gwanayenta ma sun fara tsallake jami'ar da aka gina hanyar dominta: Lindsey Horan ta tafi Faris a 2012 daga gama sakandare, Moultrie ta kai gasar ƙwararru ƙara a 2021 ta shiga tana da shekara 15.

Nijeriya ta haɗu da wannan hanya ta Amurka tun tuni. Ita kaɗai ta wakilci Afirka a 1991, ta dawo ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba. A 1999 a birnin Chicago Nkiru Okosieme ta zura wa Amurka ƙwallo tun a minti na biyu, kafin a rama mana da bakwai, duk da haka tawagar ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, inda Brazil ta fitar da ita da ƙyar, 4 da 3. Bayan gasar Mercy Akide da Florence Omagbemi suka sami gurbin karatu a kwalejin Milligan ta jihar Tennessee, watau dokar 1972 ta biya wa 'yan Nijeriya makaranta, ba tare da iyayensu sun biya kuɗin shingen ba. Yaran da suka taso a filayen ƙasa na Legas da Fatakwal sun fitar da Amurka a bugun daga kai sai mai tsaron gida a gasar 'yan ƙasa da 20 a Jamus a 2010, suka maimaita a ta 'yan ƙasa da 17 a Indiya a 2022, Amurka kuma ta rama a 2024.

Sai dai kada mu yi saurin tafi, domin tamu yarinyar ma tana biya, da wani irin kuɗi. A Amurka ƙwallo ne yake kai yarinya aji, a nan kuwa sau da yawa shi yake fitar da ita daga aji, don ƙungiya daban, makaranta daban, babu mai haɗa su. Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ba, kuma karatu suke jiye mata. Ita ta dace. Wadda gwiwarta ta tsinke tana da shekara goma sha bakwai, ba takardar sakandare, ba kuɗin tiyata, ba mai jin labarinta. Uban da ya hana 'yarsa, a Ikorodu yake ko a Kano, sau da yawa wannan lissafi yake yi, ga kuma batun sutura da na wanda za a damƙa wa amanar yarinya. Batun sutura an warware shi a dokar wasa tun 2014 da aka amince da rufe kai, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da lulluɓinta a 2023. Batun amana da na karatu kuwa suna hannun ma'aikatun ilmi, waɗanda su ne suke da filayen makarantun 'yan mata da malamai mata.

Ranar 26 ga Yuli 2025 a birnin Rabat, Maroko tana gaba da ci biyu aka tafi hutun rabin lokaci, Nijeriya ta dawo ta ci uku ta ɗauki kofin Afirka karo na goma. Ta farko Esther Okoronkwo ce ta ci, wadda ta girma a Texas ta buga wa Jami'ar Lamar. Ta uku Jennifer Echegini ce, wadda ta ci kofin jami'o'in Amurka da Florida State a 2023. Wadda ta kai tawagar wasan ƙarshen da ƙwallonta a ragar Afirka ta Kudu, Michelle Alozie, a Kalifoniya aka haife ta, ta yi digiri a kimiyyar halittu a Yale, har ta yi aiki a ɗakin binciken cutar daji a Houston tana kuma buga ƙwallo. Ta biyun kuwa, wadda ta farke cin, Folashade Ijamilusi ce, daga ƙungiyar FC Robo ta Legas, inda Oshoala ta fito, inda kuma kyaftin ɗin tawagar, Rasheedat Ajibade, ta fito.